Sunan da Tsawa Ta Haɗiye

Fim iri biyu ne ke cutar littafi. Akwai wanda aka yi da ƙaramin jari da ƴan wasan da ba su iya ba. Wannan kowa ya kalla ya san ba littafin ba ne, sai a yi tsaki a wuce. Akwai kuma fim mai kyan gani, wanda aka zuba wa dukiya, wanda ke sa yara kuka na gaskiya, amma ya ɗauki maganar marubuci ya juya mata baki. Wanga na biyun ya fi haɗari, don shi ne ke zama a kan mutane har su ɗauka sun san littafin alhali ko bangonsa ba su taɓa ba. Fim ɗin L'Histoire sans fin na 1984 yana cikin irin na biyu. Na san da yawa cikinmu sun gan shi, ko a telebijin lokacin ƙuruciya, ko cikin tarin fina-finan nan da ke yawo daga kle zuwa kle a ɗakunan kwanan ɗalibai. Na kuma san akwai masu ƙaunarsa har zuci. Su yi mini haƙuri, su ji hujjata tukuna kafin su tare ni a bakin amfi.

Littafin na Michael Ende ne, Bajamushe, an haife shi a 1929, ya rasu a 1995. Ya fito a 1979 a birnin Stuttgart da sunan Die unendliche Geschichte. Mu da Faransanci ya iso mana, fassarar Dominique Autrand. In za a sa masa suna da Hausa sai a ce Labari Marar Ƙarshe. Labarin wani yaro ne, Bastiyan, ɗan shekara goma ko sha ɗaya. Uwarsa ta rasu, ubansa kuwa baƙin ciki ya rufe masa baki har ya zama kamar ba ya ganin ɗan nasa. Wata safiya ana ruwa, yaran da ke cin zalinsa suka koro shi, ya faɗa shagon wani tsoho mai saida tsofaffin littattafai, Koreander. Ya ga wani littafi, ya sace shi, ya je ya ɓuya a ɗakin tarkace da ke saman lakwal ɗinsu, ya buɗe. A ciki akwai ƙasar tatsuniya, Fantaziya. Sarauniyarta na kwance ba lafiya, wani abu kuma yana cin ƙasar yanki-yanki. Aka tura wani yaro maharbi, Atreyu, neman magani.

Abin nan da ke cin ƙasar, Jamusanci ya kira shi das Nichts, Faransanci le Néant. Ni Babu nake ce masa, kuma ina ganin a nan Hausa ta fi su sa'a, don mu kullum kalmar na bakinmu: babu ruwa, babu wuta, babu burs. A littafi, Babu ba shi da launi, ba shi da siffa. Wanda ya dube shi sai ya ji kamar idonsa ne ya mutu a daidai wurin. Fim ya mai da shi hadari da guguwa masu tumɓuke itatuwa. To ai hadari abu ne, akwai shi, ana ganinsa yana tasowa daga gabas. Kamara ba ta iya ɗaukar hoton babu, wannan na sani, shi ya sa ban riƙe su da laifi a kai ba.

Gara in faɗi abubuwan da na yafe tun da wuri, kada a ce ni irin masu karatun nan ne da ke son a ɗauko littafi shafi-shafi a liƙa a allon sinima. Duk wanda ya zauna ajin ilimin harshe ya ji rabe-raben da Roman Jakobson ya yi a 1959: fassara cikin harshe guda, fassara daga harshe zuwa harshe, da fassara daga kalmomi zuwa wasu alamomin da ba kalmomi ba, kamar hoto ko kiɗa. Fim na ukun ne, kuma kowace fassara tana da asararta. Bugun asali na littafin da tawada biyu aka yi shi, ja ga duniyar Bastiyan, kore ga Fantaziya, kuma littafin da yaron ya sata an ce shi ma launi biyu ne, sunansa ɗaya da wanda ke hannunka. Wannan fim ba zai iya ba. (Mu ma da ke fitar da wanga ɗan littafi da injin fotokopi ba mu da bakin magana, da za mu buga Ende, da ja da kore duk toka za su koma.) Babi 26 ne, kowane yana farawa da harafi ɗaya bi da bi, daga A har Z, abin da ya sa babin Q ya buɗe da sunan Querquobad, na Y da sunan Yor. Na kan zauna in yi tunanin wahalar da mai fassara shi zuwa Hausa zai sha: mu bokonmu ba Q, ba X, ba V, ga kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna jiran nasu babin. Wannan ma ba aikin fim ba ne. Atreyu a littafi koren fata gare shi, a fim yaro ne kamar kowa, na yafe. Falkor, macijin sa'a mai tashi sama, wanda Ende ya ba kai irin na zaki, ya koma wani ƙaton kare mai laushin gashi. Na yi dariya, na yafe. An cire Ygramul, dodon da tarin ƙananan ƙwari ne suka haɗu suka zama jiki guda. Awa ɗaya da rabi ba ta ɗaukar komi da komi.

Inda yafiyata ta ƙare shi ne jikin Bastiyan. Yaron littafi mai ƙiba ne, gajere, fuska a koɗe, ƙafafu a karkace, ba ya iya wasan motsa jiki, a aji ma baya yake. Barret Oliver da ya fito a fim siriri ne, kyakkyawa, irin yaron da ake sawa a tallar madara. Wani zai ce to mene ne a ciki? Komi na ciki. Lokacin da Sarauniya ke jiran ɗan Adam ya zo ya cece ta, Bastiyan ya riga ya gane shi ake nufi, ya kuma san abin da zai yi. Abin da ya riƙe shi kunya ce. Yana tsoron ya bayyana gabanta da wannan jikin, ta gan shi ta ji takaici. Duk wanda aka taɓa yi wa dariya a filin lakwal saboda tsohon takalminsa, ko in'inarsa, ko yadda yake lanƙwasa Faransanci da harshen ƙauye, ya san wannan kunyar ba sai an fassara masa ba. Fim ya cire ta, ya sa wani dalili mai sauƙi a madadinta: wai ubansa ya gargaɗe shi ya bar mafarkin ido biyu. Sai matsalar ta tashi daga cikin yaron ta koma kan uba. Haka ma satar. A littafi sata ce tsagwaronta, yaron ya san ya zama ɓarawo, shi ya sa ma ya yanke ba zai koma gida ba. A fim sai ga shi ya bar ƴar takarda yana alkawarin zai maido. Tun minti goman farko an wanke shi tas, kamar masu fim ɗin na tsoron kada mu ƙi shi. Ende bai ji wannan tsoron ba, ya ba mu yaro mai laifi ya bar mu da shi.

Yanzu batun suna, wanda shi ne ya sa ni ɗaukar biro. Ciwon Sarauniya ba na jiki ba ne. Rayuwarta da sunaye ake auna ta, ba da shekaru ba. In sunanta ya tsufa har aka manta shi, sai an sa mata sabo, kuma babu wani mazaunin Fantaziya da zai iya ƙago sabon suna, sai ɗan Adam. Wanda ya karanta J. L. Austin, littafin nan da Faransawa suka fassara da Quand dire, c'est faire, zai gane wurin nan take. Akwai maganar da ba labarin abu take bayarwa ba, ita kanta ce aikin: ɗaurin aure, saki, rantsuwa, raɗin suna. Kuma ba ta ɗauruwa sai mutumin da ya dace ya furta ta a inda ya dace. Ende ya ɗauki wannan ya gina masa duniya sukutum: ƙasa ce da ke rushewa don an rasa wanda zai buɗe baki ya faɗi kalma guda.

Dubi yadda littafin ya bi da mu zuwa wurin. Atreyu ya ratsa ƙofofi uku kafin ya kai ga Uyulala, mai ba da amsa ta kudu. Ƙofa ta uku ba ta da mabuɗi, ba ta buɗuwa sai ga wanda ya daina son shiga. Uyulala kuwa ba ta da jiki ko kaɗan, murya ce zalla da ke yawo tsakanin ginshiƙai, tana raye muddin tana sauti. Da waƙa take magana, kuma ba ta jin abin da aka faɗa mata sai an sa shi cikin waƙa mai amsa-amo, dole Atreyu ya koyi ƙulla baiti a tsaye. Jama'a, in akwai wurin da sinima ta fi takarda ƙarfi, ai nan ne, tunda fim yana da sauti, littafi ba shi da shi. Me suka yi? Suka jefar da ƙofa ta uku, suka mai da Uyulala gumaka biyu masu shuɗin haske suna magana kamar sanarwar tashar mota. Gumakan ƙofar farko kuma, waɗanda a littafi kallonsu ke zuba wa mutum dukkan kacici-kacicin duniya har ya sandare yana neman amsa, a fim wuta suke harbawa daga ido, Atreyu ya tsira da gudu. Tambaya ta koma harsashi.

Sai babi na 12, wanda a ganina shi ne cibiyar littafin, kuma ko inuwarsa babu a fim. Da Bastiyan ya ƙi magana, Sarauniya ta tafi wurin Tsohon Dutse Mai Yawo, wanda ke rubuta duk abin da ke faruwa a daidai lokacin da yake faruwa. Ta hau wani tsani da aka yi da haruffa ta iske shi, ta umarce shi ya karanto labarin tun daga farko. Ya fara, sai ga shi ba daga Fantaziya ya fara ba, daga ƙofar shagon Koreander ya fara, da ruwan saman nan, da yaro mai ƙiba, da satar. Ya bi labarin har ya iso inda Sarauniya ta ce masa ya karanto daga farko, sai ya sake komawa ƙofar shagon. Haka zai yi ta juyawa ba iyaka, Bastiyan na ciki, in dai bai buɗe baki ba. A nan ne sunan littafin ya sami ma'anarsa, kuma ma'anar mai ban tsoro ce. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san dole a ce ƙurunƙus kafin a kwanta. Tatsuniyar da ba a rufe ba kurkuku ce. Wanda fim kaɗai ya gani zai zaci "marar ƙarshe" yabo ne, wai daɗin ba ya ƙarewa.

Kuma a littafi mai karatu ya riga ya san sunan. Tun shafuka da dama kafin nan ya faɗo wa Bastiyan a zuci, lokacin da ya hango fuskarta: Mondenkind, wato Ɗiyar Wata. (Jamusanci bai nuna mace ce ko namiji ba a kalmar, Hausa ba ta yarda da wannan zaman tsakiya ba, dole ka zaɓi ɗa ko ɗiya.) Kai da yaron ku biyu kuke riƙe da shi, kana ji kamar ka faɗa a madadinsa. Hausawa ba mu ce an ba jariri suna kawai ba, cewa muke an raɗa masa. Kafin a sanar wa taro, sunan ya ɗan zauna tsakanin bakin uba da kunnen liman. Wannan zaman ne Ende ya ba mai karatu. A fim fa? Yaro ya ruga taga, ana tsawa ana walƙiya, kiɗa ya cika kunne, ya kurma ihu. Fiye da shekara 40 ke nan mutane na tambayar juna a intanet me ya ce. Kalma ɗaya tak da duk labarin ya rataya a kanta, ita ce ba a ji ba. Ƙari a kan haka, tun da farko an sa yaron ya ce uwarsa tana da suna mai daɗi, har mai kallo ya tafi da zaton sunan marigayiyar ya ba Sarauniya. Abin na taɓa zuciya, ban musa ba. Amma sharaɗin littafi shi ne suna sabo, wanda ba a taɓa ji ba. Ƙirƙira ake nema wurin yaron, fim ya karɓi tunawa a madadinta.

Akwai wata hira da ban san dalilin da ya sa aka rage mata nauyi ba, tunda magana ce kawai, ba ta cin kuɗi. Atreyu ya iske Gmork, kerkecin da aka turo ya kashe shi, ɗaure da sarƙa a wani birni da kowa ya watse. Gmork ya bayyana masa abin da ke samun mazauna Fantaziya in Babu ya haɗiye su: suna faɗowa duniyar mutane, amma ba da siffarsu ba. Ƙarya suke zama. Da su ake sa mutane sayen abin da ba su bukata, da ƙin abin da ba su sani ba, da su ake kunna yaƙi. Wato tatsuniya da ƙarya daga abu guda aka yi su. Bambancin shi ne ta wace hanya suka iso. In mutum ya je can da kansa ya dawo, duniyoyin biyu su warke. In an jawo su nan da ƙarfi, su zama guba. Ku duba abin da ke shigowa wayoyinmu ta WhatsApp kowace safiya, muryoyi da hotunan da ba a san mai su ba, ku gaya mini ko wanga Bajamushe bai hango wani abu ba tun 1979. A fim Gmork ya ce mutane sun daina fata, sun manta mafarkinsu, wanda ba shi da fata kuma yana da sauƙin juyawa. Ba laifi, amma kalmar ƙarya ta ɓace, sannan aka rufe wurin da Atreyu yana soke shi da tsinin dutse.

Da ka riƙe wannan dokar a kai, sai ka ga ƙarshen fim ɗin ya zama abin mamaki. Bastiyan ya hau Falkor, sun keto cikin birnin mutane da rana tsaka, sun kori yaran nan uku masu cin zalinsa har sun faɗa cikin shara, yana ta shewa. Halittar Fantaziya ke nan an jawo ta duniyarmu don a tsorata abokan gaba. In da ma'aunin Gmork na littafi za a auna, wannan wurin shi ne ainihin abin da ake kira ƙarya. Fim ɗin ya rufe da aikata abin da littafin ya ce shi ne ciwon.

Kuma a nan fa aka tsaya, kusan tsakiyar littafi. Babi 12 da ɗan guntun na 13 aka ɗauka cikin 26. Masu kare fim ɗin na cewa ai rabi na farko ya fi daɗi, ya fi tafiya da sauri, na biyun duhu ne da shi. Gaskiya ne yana da duhu. Amma rabin farko tambaya ce kawai. A Jamus ta shekarun 1970 an sha zargin Ende da cewa yana koya wa yara gudun duniya, a lokacin da ake son adabin yara ya yi maganar siyasa da zaman jama'a kai tsaye. Rabi na biyu shi ne amsarsa. Bastiyan ya shiga Fantaziya, Sarauniya ta ba shi AURYN, lambar nan ta macizai biyu da kowane ya ciji wutsiyar ɗan uwansa, a bayanta da ɗan rubutu mai ba shi izinin aikata abin da yake so. Ya ɗauka an ce ya yi son ransa. Zakin hamada, Graograman, ya gargaɗe shi cewa ana nufin ya nemo abin da yake so na haƙiƙa, kuma babu hanyar da ta fi wannan haɗari. Abin da ba a faɗa masa da wuri ba shi ne kowane buri da kuɗinsa: duk wanda ya cika, sai ya manta wani abu na rayuwarsa ta gaske. Ya so ya zama kyakkyawa, ya manta ya taɓa yin ƙiba. Ya so ƙarfi, ya manta ya taɓa zama rarrauna. Kun ga amfanin jikin nan da fim ya cire? Yaron da aka fara da shi kyakkyawa ba shi da abin da zai sayar.

Ina ma a ce da Hausa aka rubuta wannan rabin, don kalmarmu "so" ta ɗauke shi duka. Muna cewa ina son shayi, ina so in zama likita, ina son uwata; sha'awa da nufi da ƙauna duk a gaɓa ɗaya. Tafiyar Bastiyan daga na farko take zuwa na ƙarshe, kuma sai da ya yi ɓarna mai yawa a hanya. Ya tausaya wa Acharai, wasu munanan halittu masu kuka dare da rana, waɗanda da hawayensu ake ƙera azurfar birnin Amarganth. Don a yabe shi da kirki ya mai da su ƴan ba'a masu fukafukai, sai suka koma rusa abin da suka gina. Ya biye wa mayya Xayide mai yi masa daɗin baki. Ya nemi naɗa kansa sarki. Ya zare takobi ya sari Atreyu, abokinsa. Yaron nan da muke tausayi a saman lakwal ya zama azzalumi, kuma mun bi shi taki-taki har ba mu san inda ya karkace ba.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne Birnin Tsofaffin Sarakuna. Mutane ne irinsa da suka shigo Fantaziya, suka ƙarar da tunaninsu wajen buri, suka kasa fita. Wanda ba ya tuna komi ba ya iya son komi, ba ya kuma iya magana. Wani biri, Argax, shi ke kula da su, ya ba su wasa: ƴan duwatsu masu haruffa a jiki, su watsa, su duba, su sake watsawa. Galibi shirme ke fitowa, jefi-jefi kalma ta faɗo, birin kuma yana ba'a cewa in aka yi ta yi har abada ai duk labaran duniya za su fito. Ga ɗalibin harshe wannan hoto ne mai sa tsikar jiki tashi: haruffa na nan, haɗuwarsu na nan, mai nufin faɗin wani abu ne babu. Fim ɗin 1984 ya ce wa yaro ya yi buri iya son ransa, duk wanda ya ƙara Fantaziya na ƙara kyau, ya yi shiru bai faɗi farashi ba. Wanda ya biyo baya a 1990 ya taɓo mantuwar, amma ya mai da ita wani inji da Xayide ke amfani da shi tana sace masa tunani. Laifin ya sake komawa kan wani.

A ƙarshen littafi Bastiyan ya manta uwa da uba, daga baya ya manta sunansa. Yaron da ya ceci duniya da suna ya tsaya ba shi da nasa. A bakin Ruwan Rai, inda ba a shiga sai an faɗi ko wane ne kai, Atreyu da ya sara shi ne ya tsaya masa, don yana riƙe da duk abin da Bastiyan ya taɓa ba shi labari, ya kuma ɗauki nauyin ƙarasa labaran da ya buɗe ya bari. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san tafiyar neman ruwan magani. A nan majinyacin ba ɗan sarki ba ne, uban yaron ne da ke zaune shiru a gida. Ruwan ya zube a hanya. Amma da ya zauna ya ba uban labari tun daga farko, sai ya ga hawaye a idonsa. Washegari uban ya ce bari ya je ya yi wa mai shago bayani, yaron ya ce a'a, shi ya yi satar, shi zai je. Uban fim kuwa sau ɗaya muka gan shi, wurin karin kumallo, ba a sake komawa kansa ba.

Ba na cewa Wolfgang Petersen bai iya aiki ba. Mutumin da ya yi Das Boot a 1981 ne. An ɗauki yawancin fim ɗin a situdiyon Bavaria da ke Munich, da Ingilishi don kasuwar Amurka, an kashe kimanin mark miliyan 60, kuɗin da ba a taɓa zuba wa fim a Jamus ba kafin nan, kuma ana ganin kuɗin a allo. Mutuwar dokin Atreyu, Artax, a fadamar baƙin ciki ta fi ta littafi ciwo a wurina, saboda dokin littafi yana magana, yana bayyana abin da ke damunsa, na fim kuwa shiru yake yana nutsewa, yaro na jan linzami yana kuka. Haka wurin da ƙaton nan mai cin duwatsu ke zaune yana duban hannuwansa, yana mamakin yadda duk girmansu suka kasa riƙe abokansa. Waɗannan biyun sun nuna masu fim ɗin sun san baƙin ciki, sun kuma san yara na iya ɗaukarsa. Shi ya sa nake ganin yanke rabi na biyu da ƙara korar cikin shara zaɓi ne aka yi da ido buɗe, don a sallami ƴan kallo suna murna. Ende ya ga haka tun fim bai fito ba. Ya nemi a dakatar ko a canza masa suna, ya kai ƙara kotu, ya faɗi. Abin da ya samu kawai shi ne an cire sunansa daga rubutun farkon fim. Marubucin da ya rubuta littafi sukutum kan nauyin suna, abin da ya rage masa ke nan, ya janye nasa.

A 2024 an sanar cewa kamfanin See-Saw Films da masu kula da gadon Ende za su sake mai da littafin fim, wannan karon kashi-kashi. In sun kai Birnin Tsofaffin Sarakuna zan nemi kuɗin intanet ko da bashi ne in kalla. Amma ba sai na jira fitowarsa ba kafin in san inda suka dosa. Ranar da suka fitar da hoton yaron da zai fito a Bastiyan, kumatunsa zan fara dubawa.